Taƙaitaccen Bayani Kan Ciyar da Ƙaguwa Mai Gidan Aro da Shayar da Ita

Ka sani, ya kai mai neman sani, cewa a cikin dabbobin da ɗan Adam ya ɗora wa kansa ciyarwa ba tare da kowa ya roƙe shi ba, babu wadda aka raina hidimarta kamar ƙaguwa mai gidan aro. A garuruwan bakin teku na gabashin Amurka, inda jama'a ke tururuwa lokacin zafi, shago ɗaya ake sayar da ita da huluna da tabarau da silifas. Akan miƙa wa yaro ita cikin ɗan keji, a haɗa masa da jiƙaƙƙen soso da 'yar robar abinci, a ce masa ba ta da wahala. Maganar tana da fuskar gaskiya, domin dabbar da ta mutu kafin shekara ta zagayo ba ta cika wahalar da kowa ba. Amma a hannun wanda ya san abin da yake yi tana iya haura shekara 30, har an yi wata a Amurka da aka saya a 1976 ba ta bar duniya ba sai 2021. Saboda haka wanda ya zaro 'yan dalolinsa ya karɓi kejin nan ya ci ladan kuturu, askin kuwa yana iya raka shi har furfura.

Ƙa'ida ce cewa ba a yanka wa baƙo abinci sai an san asalinsa. Aristotle, wanda halitta ba ta gilma ta gabansa ta tsira daga hukunci, ya rubuta tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya, game da 'yan uwanta na cikin teku, cewa daga laka da taɓo suke fitowa, ba uwa ba uba, sannan kowace ta nemi katantanwar da mai ita ya mutu ta shige, in ta yi mata kaɗan ta sake wata. Rabin maganarsa na ƙarshe yana nan daram. Rabin farko ya rushe, don kuwa tana da uwa, kuma uwar takan sauko bakin ruwa ta zubar da ƙwanta cikin teku, 'ya'yan su yi makonni suna yawo a ruwa, wanda ya tsira daga bakin kifi ya nemi 'yar katantanwa ya fito tudu. Wannan ne ya sa haihuwarta a gida sai tsirarun masu naci, kuma kusan duk wadda ka gani a shago tsinto ta aka yi daga bakin wata teku. Wadda aka fi sayarwa a Amurka ita ce Coenobita clypeatus ta tsibiran Karebiyan, mai babban awartaki ruwan shunayya, sai Coenobita compressus ta gaɓar Fasifik. Ƙafa goma gare ta. Biyun gaba awartakai ne, na hagu babba da take toshe ƙofa da shi, na dama ƙarami da take kai loma. Huɗu na tafiya, huɗun ƙarshe ƙanana suna ciki, suna riƙe gida suna shara.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe daga wannan nasaba guda ne: ta bar teku, amma ba su yi sallama ba. Har yau da kayan numfashi irin na kifi take numfashi, sai dai sun ƙanƙance sun yi tauri, kuma ba sa aiki sai da danshi. Don haka abin shanta na farko ba a kwano yake ba, a iska yake. Ana so laimar akwatinta ta tsaya tsakanin kashi 70 da 80 cikin 100, ɗumin kuma tsakanin digiri 24 da 29 a ma'aunin Salsiyas, abin da ba ya samuwa sai a akwatin gilashi mai murfi. Kejin waya da aka sayar da ita a ciki yana da fa'ida ɗaya, wato iska na shiga ta ko'ina, fa'idar kuma ita ce ke kashe ta, musamman in sanyi ya shigo aka kunna na'urar ɗumama ɗaki iska ta bushe ƙayau. Ba ta da kuka, ba ta da haushi. Takan yi watanni tana shaƙewa a hankali, mai gida yana yaba mata haƙuri. Masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Jena ta Jamus sun ƙara da cewa, a 2012, ko jin ƙanshinta ma ya fi kaifi a iska mai laima. Ke nan a busasshen ɗaki, abincin da ka wahala ka haɗa yana iya kwana kusa da ita ba ta san an yi girki ba.

Sai mas'alar ruwa, wadda ita ce uwar mas'aloli, kuma a kanta aka fi ɓata zumunci.

Kwano biyu ake ajiye mata, na ruwan daɗi da na ruwan gishiri. In wani ya ce ai ɗaya ya isa tunda ciki ɗaya za su, sai mu ce masa ba ciki kaɗai za su ba. Shanta iri biyu ne. Akwai na baki, inda take tsoma awartaki ta ɗauko ɗigon da ya maƙale a gashinsa ta kai bakinta, a natse, babu gaggawa. Akwai kuma na guzuri, inda take shiga ruwan gaba ɗaya ta cika can ƙuryar katantanwarta, ta riƙa yawo da shi don jiƙa cikinta mai taushi da kayan numfashinta. Gishirin wannan guzuri kuwa ita ke auna shi da kanta. In ya yi yawa ta nufi ruwan daɗi, in ya yi salam ta nufi na gishiri. Wani Baholande mai suna de Wilde ya bi diddigin wannan al'amari a tsibirin Kurasawo ya wallafa a 1973. Wanda ya haɗa mata ruwan biyu a kwano ɗaya don sauƙaƙa mata, ya shiga aikin da ba a sa shi ba, kuma ya yi shi ba daidai ba.

Ruwan daɗin ma ba kowane ba. Hukumomin ruwa na zuba kulorin a ruwan famfo don kashe ƙananan halittu, kuma kulorin bai san wace ƙaramar halitta ce aka saya da kuɗi ba. Magabata sun kasance suna tara ruwa a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, kulorin ya bi iska. Wannan dabara ta yi zamaninta. Yanzu birane da yawa a Amurka kuloramin suke zubawa, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, an kuwa haɗa su ne takanas don kada ya bi iska. Mai kwanar da ruwa a irin wannan gari ya sami ruwa mai kwana ɗaya, ba wani abu ba. Mafita ita ce maganin ɗigawa da ake sayarwa don masu kiwon kifin ado, mai kashe duka biyun ya kuma ɗaure ƙarafan da ruwa ya kwaso daga bututu. Mafi sharrin ƙarafan nan jan ƙarfe ne, kuma saboda tsoron ƙarfe ake ƙin ba ta ruwa a tasa, sai a roba ko gilashi ko tangaran. A nan akwai abin lura ga mai hankali: jinin ƙaguwa da jan ƙarfe yake ɗaukar iska, shi ya sa yake shuɗi-shuɗi maimakon ja. Abin da ke gudana a jijiyarta shi ne gubarta in ya zo ta kwano. Mun ambaci wannan ne don ilimi, ba don yana rage wa kowa kuɗin magani ba.

Ruwan gishiri kuwa, jahilci na farko shi ne a ɗebo gishirin miya a kaɗa. Teku ba ruwa da gishiri ba ce kawai. A kowace lita akwai kimanin giram 35 na narkakkun gishiri, wajen kashi 85 cikin 100 ne irin wanda muke sa wa miya, sauran kuwa maganiziyam ne da salfet da kalsiyam da fotasiyam da wasu 'yan ƙanana, kuma a cikin wannan saura ne buƙatar take. Don haka ake sayen garin teku na kamfani, irin su Instant Ocean, a zuba rabin kofin awo na Amurka a galan ɗaya, wato lita 3.8, a kaɗa har ya narke. Masu tsanani sukan sayi ma'aunin gishiri su duba. Ba abin mamaki ba ne ka ga mutumin da ke jin rugugin Atilantika daga tagarsa yana dama teku a jarka, yana ƙorafin cewa ta yi kauri.

An yi saɓani kan dalilin hana gishirin miya. Mutanen farko suka ce aidin da ake sa masa ne ke kisa. Na baya suka ce ina, ai tekun kanta da aidin a cikinta, ciyawar teku da ƙaguwa ke ci ma cike take da shi, laifin gishirin miya shi ne abin da babu a cikinsa, da kuma sinadarin hana dunƙulewa da ake gauraya masa. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa kada a ba ta, sun rabu a kan dalili, kuma rabuwar ta fi haɗuwar zafi nesa ba kusa ba. Mai wannan rubutu yana tare da na baya, amma ba ya shawartar kowa ya faɗi haka a bainar jama'a.

Zurfin kwano ya kai wanda babbar cikin waɗanda kake kiwo za ta nutse har gidanta. Sai dai wajibi ne a sa mata tsani, ko tsakuwa ko ragar roba, domin wannan dabba da aka ƙyanƙyashe a teku, mai numfashi da kayan kifi, in ta daɗe a ƙarƙashin ruwa ba ta sami hanyar fita ba, ruwa cinye ta yake yi. Batun soso kuwa, mazhabar shago ta ce daga shi take tsotsa kuma shi ke hana ta nutsewa. Mazhabar masu kiwo ta ce kakanninta sun sha ruwa shekaru aru-aru ba su ga soso a kwano ba, kuma jiƙaƙƙen soso a wuri mai ɗumi masaukin ƙwayoyin cuta ne. Ta biyun ce ke da hujja. Ta farko ke da soson sayarwa.

Mu koma ga ci. A bakin tekun Karebiyan babu mai yi wa ƙaguwa girki. Da dare take fitowa ta bi gaɓa: mataccen kifi, 'ya'yan itacen da suka faɗo suka ruɓe, busasshen ganye, ruɓaɓɓen icce, ciyawar da igiyar ruwa ta watso, kashin tsuntsu, kashin dabba, da na mutum in an yi sakaci. Ita ce mai sharar gaɓa, ladanta kuma sharar. Daga nan za ka gane cewa duk ilimin ciyar da ita a gida ilimi ne na haɗa juji da gangan, juji mai tsabta, wanda kowane tarkace a cikinsa an san daga inda ya fito. Abin da teku ke watsarwa kyauta, mai kiwo da kuɗinsa yake saye. Akwai masu sana'ar sayar da busasshen ganye a ƙulle a leda, a aiko maka ta gidan waya, lokacin da maƙwabcinka ke biyan wani ya share irinsa daga ƙofar gida. Akwai masu sayar da kashin tana, ana kuma saye, ƙaguwa kuwa tana cin sa da marmarin da ba ta nuna wa tuffa ba.

Me ya hana a ɗebo daga bakin titi? Nasaba ce ta hana. Ƙaguwa dangin ƙwari ce ta nesa, masu ƙashi a waje da gaɓoɓi a ƙafa, don haka maganin da aka yi don kyankyaso da fara bai cika bambance su da ita ba. Ganyen da aka yi wa feshi, da 'ya'yan itacen da ba a wanke ba, da ɗakin da aka fesa wa maganin sauro, duk hukuncinsu ɗaya. Ita ma 'yar robar abincin shago ba ta tsira daga zargi ba. Masu kiwo sukan juya ta su karanta, in sun ga salfet na jan ƙarfe ko sinadarin hana lalacewa da ake kira itoksikwin sai su ajiye. Shi wannan na biyun, Tarayyar Turai ta dakatar da izinin sa shi a abincin dabbobi tun 2017.

Abin da ya rage bayan an tace yana da yawa: kwakwa, mangwaro, gwanda, ayaba, dafaffen ƙwai, kifi ko kaza da ba a sa wa gishiri ko kayan yaji ba, busasshen jatan lande, gyare da tsutsa, gyaɗa da riɗi ɗanye, ɗigon zuma, har gugguru in babu mai babu gishiri. Albasa da tafarnuwa jumhuru sun ƙi su. Nama ko ƙwari kada su yanke, don ƙaguwar da aka mayar mai cin ganye zalla takan fara kallon abokiyar zamanta da wani irin ido. Kalsiyam ma kada ya yanke, ko ɓawon ƙwai dakakke, ko garin ɓawon kawa, ko farin ƙashin nan na teku da ake rataya wa tsuntsayen keji. Karas da kabewa da jan tattasai marar yaji da jatan lande su ke riƙe mata launi, in an hana ta sai ta riƙa koɗewa daga saɓa zuwa saɓa. Launin kuma ba abin wasa ba ne, domin a garin Ocean City na jihar New Jersey ana gasar sarauniyar kyau ta ƙaguwa tun shekarun 1970, kuma kofin da ake ba wadda ta ci, sunan ɓawon kokwamba aka sa masa. Masu shirya gasar sun nuna fahimtar abin da ke faranta wa mai nasara rai fiye da masu shirya gasanni da yawa.

Kada ɗalibi ya ɗauka in ya gano abin da take so ya huta. Wani masani mai suna Robert Thacker ya nuna a 1996, a kan irin ta Fasifik, cewa in ta ci wani abinci na ɗan lokaci, sai ta juya masa baya ta bi ƙanshin wani. Kamar maigidan nan ne da ya yaba miyar kuka jiya har ya nemi ƙari, yau aka sake kaɗa masa ita ya ture kwano yana tambaya ko kuɓewa ta ƙare a kasuwa. Bambancin shi ne ita tana da uzuri a kimiyyance, don mai yawo a juji in ya liƙe wa abu guda ba zai sami duk abin da jiki ke nema ba. Hukuncin da ya fito daga nan shi ne cewa abin da ta cinye jiya shi ne bai kamata a ba ta yau ba, abin da ta ƙi jiya kuma ba a san matsayinsa ba.

Da magariba ake ajiye abinci, da safe a kwashe ɗanyen da ya rage, domin ɗumi da laimar da aka wahala aka tara mata su ne kuma abin da fumfuna da ƙananan ƙudaje ke so. Cinta kaɗan ne ƙwarai, har ka kasa gane an taɓa. Takan bi ta tsakiyar faranti da ƙafafunta, ta watsa yashi a kai, wani lokaci ta ja yankan ayaba ta kai lungu ta bar maka shi ka gano da hanci. Shaidar cewa an ci, sau da yawa, sawu ne kawai a kan yashi. Saboda haka mai kiwo na gaske yakan ƙware a bin sawu, ya tsuguna da sassafe da tocila yana nazarin ko wannan jan layi zuwa ne ko dawowa.

Akwai lokacin da za ka ga ta kama ci da sha babu ƙaƙƙautawa, tana yawan zama a ruwan gishiri, tana tone-tone. Saɓa ce ta gabato. Ƙashinta a waje yake kuma ba ya girma, don haka dole ta tuɓe shi ta yi sabo, kuma ba ta yin haka sai a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu. Shi ya sa ake zuba mata yashi mai zurfin aƙalla santimita 15, ko ninki uku na tsayin babbar cikinsu, kashi biyar yashi kashi ɗaya garin ɓawon kwakwa, da danshin da rami zai tsaya bai rufta ba. Ƙarama takan yi makonni a ƙasa, babba takan yi watanni. A can take cin abinci mafi muhimmanci a rayuwarta, wanda babu hannunka a ciki: tsohuwar fatarta, da take cinyewa don mayar da kalsiyam sabon jiki ya yi tauri. Wanda ya ga fatar ya ɗauke don tsabta, ya ɗauke mata akushi daga gaba. Wanda kuma tausayi ya kama ya tono ta don ya ga ko lafiya, zai same ta da taushi kamar ba ƙashi, tonon nan kuma yana iya zama ajalinta.

In aka ce, to idan duk sun shige ƙasa, a ci gaba da ajiye abinci da ruwa? Sai mu ce a ci gaba, domin ba sa sanar da ranar fitowa, kuma mai fitowa da yunwa take fitowa. Ta haka ne ake samun magidanci mai hankali, mai aikin yi, yana yanka gwanda kowace magariba yana ajiye wa akwatin yashi, da safe ya kwashe, ya canza ruwa biyu, ya duba ma'aunai biyu, wata uku a jere. In baƙo ya tambaye shi me yake kiwo, sai ya nuna masa yashin.

Ragowar mas'ala ita ce yadda ake bambance mai saɓa da matacciya, tunda dukansu ba sa motsi. Ido ba ya raba wannan gardama, hanci ke raba ta, don matacciya warin ruɓaɓɓen kifi take yi wanda ba ya buƙatar sharhi. Kuma ba kai kaɗai kake jin sa ba. Mark Laidre na jami'ar Dartmouth da abokiyar aikinsa sun gwada a Kosta Rika, suka wallafa a 2019, cewa warin 'yar uwa matacciya yana tara su da sauri fiye da warin mataccen dodon-koɗi, saboda ma'anarsa a wurinsu an sami gida babu mai shi. Wannan ɗabi'a ce ta zame musu tarko a gaɓoɓin da robobi suka cika, inda ɗaya ke faɗawa buɗaɗɗiyar jarka ta kasa fita ta mutu, warinta ya kira wata, ita ma ta kira wata. Binciken da Jennifer Lavers ta jagoranta, wanda ya fito a ƙarshen 2019, ya ƙiyasta kimanin 508,000 da suka halaka haka a tsibiran Kokos na tekun Indiya, da wasu 61,000 a tsibirin Henderson na Fasifik.

A cikin akwati kuwa, masu zuwa gaisuwar ba da gida kaɗai suke tafiya ba, sukan taɓa mamaciyar ma, kuma in ka cire tsohuwar fata, wannan ne abinci ɗaya tak da suke samu ba tare da an wanke an yanka an auna ba. Duk da haka ra'ayi mafi rinjaye shi ne a cire gawar da wuri, tunda ba a san abin da ya kashe ta ba. Gidan kuwa a tafasa shi a ruwan da aka kashe wa kulorin, a bari ya huce, a mayar. In ya yi wa wata daidai ba ya daɗewa babu mai shi, nata da ta bari kuma ta ƙasa da ita ta shige, haka har kan 'yar autarsu.